Yadda Ake Buga Shuɗin Hoto Da Hasken Rana, Gishirin Ƙarfe Da Asid Ɗin Tsirrai

Idan aka haɗa gishirin ƙarfe da ɗaya daga cikin asid ɗin da ake samu a jikin tsirrai, kamar asid sitirik ko asid okzalik, aka ajiye haɗin a cikin duhu, yakan daɗe bai sauya ba. Da zarar an fito da shi rana kuwa, cikin 'yan mintuna ƙarfen da ke cikinsa zai sauya hali, asid ɗin kuma ya fara wargajewa yana sakin iskar kabon dayoksaid. Masanin sinadarai na Jamus, Johann Wolfgang Döbereiner, ya bayyana haka a 1831 game da okzalet ɗin ƙarfe, wato gishirin da ƙarfe da asid okzalik suke samarwa, sannan a 1842 John Herschel na Ingila ya gina hanyar buga hoto a kan wannan sauyi, wadda ake kira sayanotaif. Shekara guda bayan haka Anna Atkins ta fara amfani da ita wajen ɗaukar siffar tsirran teku, daga shekarun 1870 kuma injiniyoyi da masu zanen gine-gine suka mayar da ita hanyar kwafar zanensu, wadda ke fitar da fararen layuka a kan shuɗiyar takarda. Har yau ita ce hanya mafi sauƙi da mutum zai ga wannan aikin sinadarai da idonsa, ya kuma sarrafa shi da hannunsa.

Abin da haske yake yi

Ya kamata a fahimci wannan sashe kafin a taɓa sikeli, domin kusan duk wata matsala da za a ci karo da ita daga baya tana da bayani a cikinsa. Ƙarfe a cikin ruwa yana zama a ɗaya daga cikin siffofi biyu. Akwai wanda ya rasa elektiron uku, ana rubuta shi Fe3+ ana kiransa ferik, akwai kuma wanda ya rasa biyu, ana rubuta shi Fe2+ ana kiransa feros. Asid sitirik da okzalik da tatarik suna da rassa fiye da ɗaya da suke iya kama ƙarfe da su, don haka idan sun haɗu da ferik sukan riƙe shi ta gefe biyu ko uku, su zama dunƙule guda da shi. Wannan dunƙule shi ne mai shan haske, musamman hasken ultrabayolet da ido ba ya gani da kuma shuɗin da ke kusa da shi, wato mai tsawon zango daga wajen nanomita 300 zuwa 450 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske). Lokacin da ƙwayar haske ta faɗa a kansa, sai elektiron ɗaya ya tashi daga jikin asid ɗin ya koma kan ƙarfen. Ferik ya zama feros ke nan. Asid ɗin da ya rasa elektiron ba ya iya tsayawa yadda yake, sai ya karye ya saki kabon dayoksaid, kuma wannan karyewar ce take hana elektiron ɗin komawa inda ya fito.

A wajen okzalet abin ya ma fi haka ƙarfi, domin guntun da ya rage bayan karyewar yana ɗauke da elektiron da yake saurin miƙa wa wani ferik na kusa, ko da babu ƙarin haske. Jimillar aikin ita ce, ferik biyu sukan koma feros biyu, okzalet ɗaya kuma ya koma kabon dayoksaid biyu. Shi ya sa idan aka auna a hasken ultrabayolet ake samun feros wajen 1.2 a kan kowace ƙwayar haske ɗaya da aka sha. Saboda tabbacin wannan adadi ne Hatchard da Parker suka kafa hanyar auna yawan haske da ferioksalet, wato dunƙulen ferik da okzalet, a 1956, wadda ɗakunan gwaji suke amfani da ita har yanzu.

Abin lura shi ne feros ɗin da haske ya samar kusan ba shi da launi. Aikin haske ya ƙare a kan mayar da ferik zuwa feros. Shuɗin yana zuwa ne daga sinadari na biyu, wato fotasiyam ferisayanaid, wanda ba ya ba da shuɗi idan ya haɗu da ferik, amma da zarar ya taɓa feros sai su haifar da shuɗin Furusiya, launin nan mai duhu da aka fara samu a birnin Berlin a farkon ƙarni na 18. Wannan launi ba ya narkewa a ruwa sosai, yana maƙalewa a zaren takarda, yayin da sauran sinadaran da haske bai taɓa ba suke wankuwa. Yana jure asid mai rauni, amma alkalin, wato kishiyar asid, yana lalata shi nan take. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa, cewa haske yana yin feros, feros yana yin shuɗi, alkalin kuma yana kashe shuɗin, zai iya gano dalilin kowane mataki da ke tafe da kansa.

Kayan aiki da kiyaye lafiya

Sinadari na farko shi ne ferik amoniyam sitiret, wato gishirin ƙarfen da aka haɗa da asid sitirik. Iri biyu ne, akwai kore akwai mai ruwan ƙasa, koren ne ya kamata a nema domin ya fi saurin amsa haske. Yana shan danshin iska ƙwarai, idan aka bar murfinsa a buɗe sai ya dunƙule ya yi danƙo, don haka a riƙa rufe shi da zarar an ɗiba. Na biyu shi ne fotasiyam ferisayanaid, K3[Fe(CN)6], mai ƙwayoyi jajaye masu sheƙi. Akwai ɗan'uwansa ferosayanaid, K4[Fe(CN)6], wanda ƙwayoyinsa rawaya ne, kuma idan aka yi kuskuren sayo shi haɗin zai rikiɗe shuɗi tun a cikin kofi, tunda shi da ferik yake haɗuwa ya ba da launin. A duba lambar da ke bayan harafin K, a kuma duba launin ƙwayoyin.

Bayan su ana buƙatar sikeli mai auna aƙalla kashi ɗaya bisa goma na giram, kofin awo mai ma'aunin mililita, kwalabe biyu masu duhu da murfin roba, sirinji biyu marasa allura, buroshi mai laushi mai faɗi, gilashi mai kaurin milimita 3 zuwa 4 wanda aka goge bakinsa, katako ko kwali mai tauri daidai girman gilashin, maƙalai huɗu na matse su, da faranti mai zurfi na roba domin wanki. Gara a sami buroshin da ba a ɗaure gashinsa da ƙarfe ba, ko kuwa na soso, domin tsiraran ƙarfe yana iya mayar da ferik zuwa feros ba tare da haske ba, ya bar shuɗin tabo a takarda. Saboda wannan dalili kada a dama haɗin da cokalin ƙarfe, a yi amfani da sandar gilashi ko ta roba.

Ruwan da za a narka sinadaran da shi ya kasance tataccen ruwa na tururi, wanda babu gishirin komai a cikinsa. A nan akwai gargaɗin da nake so a ɗauka da matuƙar muhimmanci. Ana sayar da irin wannan ruwa domin ƙara wa batirin mota, ana kuma sayar da asid ɗin batir a cikin gora mai kama da tasa, don haka a kula kada a ɗauko ɗaya a madadin ɗaya. Ferisayanaid a karan kansa gubarsa kaɗan ce, domin sayanaid ɗin da ke cikinsa a ɗaure yake da ƙarfe tamau, amma idan ya haɗu da asid mai ƙarfi kamar salfurik ko haidirokulorik, ko aka dafa shi, yana sakin iskar haidirojin sayanaid mai kisa. Kada a ajiye wani asid mai ƙarfi a wurin aikin ko kusa da shi. A sa safar hannu ta roba da tabarau na kariya, kada a shaƙi garin lokacin awo, a yi aiki inda iska ke shiga, a rubuta suna a jikin kowace kwalba, a ajiye su inda yara ba za su kai ba, kuma kwanon da aka yi wannan aiki da shi kada ya koma wani amfani.

Haɗa ruwan

Ana haɗa ruwa biyu dabam dabam. A auna giram 25 na ferik amoniyam sitiret, a zuba a cikin tataccen ruwa mililita 70, a dama har ya narke, sannan a cika da ruwa zuwa mililita 100. Wannan shi ne ruwa na ɗaya, launinsa kore ne mai duhu. A wanke kofin da sandar sarai, a auna giram 10 na ferisayanaid, a narka shi haka nan zuwa mililita 100. Wannan shi ne ruwa na biyu, launinsa tsakanin rawaya da ja. Wasu sukan yi amfani da giram 20 da giram 8, kuma duka biyun suna aiki, muddin an kiyaye rabon kashi biyu da rabi na sitiret ga kashi ɗaya na ferisayanaid. A zuba kowanne a kwalbarsa, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, zai fi kyau a bar su su kwana kafin a fara aiki da su.

Muddin a rabe suke, sukan yi watanni da ƙarfinsu. Ruwa na ɗaya yakan yi fumfuna a samansa bayan wasu makonni, domin sitiret abinci ne ga ƙananan halittu. Hakan ba ya hana shi aiki, sai a tace shi da takardar tata ko ƙyalle mai tsabta kafin a ɗiba.

Kafin a ci gaba, ina ba da shawarar wani ɗan gwaji da ba ya cin lokaci. A shafa ruwa na ɗaya shi kaɗai a guntun takarda, a bar ta ta bushe a duhu, a ɗora mabuɗi a kai, a kai ta rana na minti goma. Idan aka ɗauke mabuɗin da ƙyar za a ga alamarsa. A koma inuwa, a shafa ruwa na biyu a kanta da buroshi, nan take duk inda rana ta taɓa zai rikiɗe shuɗi, siffar mabuɗin ta fito fes. A maimaita da wata takardar da aka shafa aka naɗe a takardar alminiyam aka ajiye a rana tare da ta farko, za a ga ba ta ba da shuɗi ba duk da cewa ita ma ta sha zafin rana. Wannan ya nuna cewa haske ne mai aikin ba zafi ba, ya kuma tabbatar da cewa sinadaran da aka sayo masu kyau ne, tun kafin a ɓata takarda mai tsada.

Zaɓen takarda da shafa ta

Takarda ta fi ba mutane wahala a kan sinadaran. Ana son mai kauri, daga giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, irin ta masu zane da launin ruwa, domin ta jure jiƙa, kuma ta zaren auduga zalla ta fi. Matsalar ita ce masana'antu da yawa suna zuba alli, wato kalsiyam kabonet, a cikin takarda domin ta daɗe ba ta yi rawaya ba. Alli alkalin ne, yana ɓata haɗin tun kafin ya ga rana, yana kuma cin shuɗin a hankali bayan an gama. Hanyar ganewa ita ce a shafa haɗin a guntunta a ajiye a cikin duhu sosai na kwana ɗaya. Idan ta zauna a launinta na rawaya mai ratsin kore, ta dace. Idan ta koma kore mai duhu ko toka-toka, ko kuma bayan wanki ta ƙi komawa fara, a nemi wata. Ana iya yi a kan yadin auduga ko lilin ko siliki, bayan an wanke shi an ɗauraye sabulun tas an kuma shanya. Yadin roba ba ya riƙe launin.

A yi shafar a ɗaki mai ƙarancin haske, an rufe tagogi, da ƙwan lantarki mai rauni mai launin rawaya. Ba a buƙatar baƙin duhu, abin gudu dai shi ne hasken rana da doguwar fitila mai farin haske, domin tana fitar da ɗan ultrabayolet. A ɗebi ruwa na ɗaya da na biyu daidai wa daida, kowanne da sirinjinsa, a haɗa a ƙaramin kofi. Mililita 2 zuwa 4 na haɗin sun ishi takarda mai girman A4, gwargwadon yadda take shan ruwa. A haɗa iya abin da za a shafa a wannan zama kawai, domin da zarar sun gauraya ƙarfinsu ya fara raguwa.

A ɗan jiƙa buroshin da tataccen ruwa a matse shi, a tsoma a haɗin, a shafa daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, da hannu mara nauyi, har launin ya daidaita ko'ina kuma babu inda ruwa ya kwanta. Masu farawa sukan ɗauka cewa yawan ruwa shi ke kawo duhun shuɗi. A gaskiya idan shafin ya yi kauri, sinadarin yakan taru ya bushe a saman takarda maimakon ya shiga zarenta, saman ya tare wa ƙasan haske, sannan a wajen wanki shuɗin ya ɓare ya bi ruwa. Shafi siriri da ya shiga zare ya fi. Wanda yake son ƙarin duhu ya bari na farko ya bushe sarai, sannan ya ƙara na biyu siriri.

A shanya takardar a cikin duhu, a kwance ko a rataye, na awa ɗaya ko fiye. Ana iya taimaka mata da fanka, amma ban da iska mai zafi. Wajibi ne ta bushe ƙarau, domin takarda mai danshi tana ba da hoto mai dabbare-dabbare, tana kuma ɓata abin da aka ɗora a kanta. Gara a yi amfani da ita a ranar ko washegari.

Shanyawa a rana

Ana iya ɗora kowane abu mai faɗi da siffa bayyananniya, kamar ganye ko gashin tsuntsu ko leshi ko zane da baƙar tawada a takarda mai shara-shara. Duk inda abin ya tare haske zai fito fari, inda haske ya ratsa kaɗan zai fito shuɗi mai haske, sauran fili kuma shuɗi mai duhu. Mai son buga hoton kyamara sai ya mayar da shi baƙi da fari a kwamfuta, ya juya shi yadda fari zai koma baƙi, baƙi ya koma fari, ya kuma juya shi hagu zuwa dama kamar a madubi, sannan ya buga a farar ledar firinta mai ratsa haske. Ana kifa gefen tawadar a kan gefen da aka shafa. Sayanotaif tana ƙara tsananta bambancin haske da duhu, don haka a ɗan sassauta bambancin a kwamfuta kafin bugawa, in ba haka ba tsaka-tsakin launuka za su ɓace.

A jera su tun a cikin ɗaki: katako a ƙasa, takarda fuskarta sama, abin da za a buga, sannan gilashi, a matse da maƙalai ta kowane gefe. Matsewar tana da muhimmanci, domin ko ɗan tazara kaɗan tsakanin ganye da takarda yana barin haske ya kutsa ta ƙarƙashi, bakin siffar ya dushe. Gilashin taga na yau da kullum yana barin ultrabayolet ɗin da ake buƙata ya wuce, amma wanda aka yi wa rufin kariya daga rana da wasu robobi masu kama da gilashi suna tare shi. A fuskantar da allon ga rana kai tsaye, tsakanin hantsi da azahar lokacin da take da ƙarfi.

Ba za a iya yanke adadin mintuna guda ga kowa ba, domin ƙarfin rana ya danganta da wuri da lokacin shekara da gajimare da ƙura. A rana mai ƙarfi yakan kama daga minti 5 zuwa 20, a ranar lumshi kuma yana iya kai awa ɗaya ko ya wuce. Hanyar da ta dace ita ce a yanki siririyar takarda da aka shafa, a rufe ta da kwali a bar ɗan yanki a buɗe, bayan kowane minti uku a ja kwalin a ƙara buɗe wani yanki, har a sami matakai shida ko bakwai. A wanke ta, a bar ta ta bushe, a duba matakin farko da shuɗinsa ya kai iyakar duhu har na gaba da shi bai fi shi ba. Lokacin wannan mataki shi ne ma'auni. Wanda yake son sakamako iri ɗaya kullum zai iya amfani da fitilun LED masu ba da ultrabayolet na nanomita 365 zuwa 395, a cikin akwati rufaffe domin kare ido da fata.

Yayin da takardar ke shan rana za ta tashi daga rawaya zuwa kore, ta koma shuɗi, daga nan kuma sai a ga wuraren da suka fi shan haske sun fara kodewa suna komawa toka-toka mai ɗan sheƙin tagulla. A nan ne mutane da yawa suke firgita su ɗauke ta, alhali alamar nuna ce. Dalilin kodewar shi ne feros ya yi yawa har ya fara miƙa wa shuɗin Furusiya elektiron, ya mayar da shi farin Furusiya, wanda ba shi da launi amma yana komawa shuɗi idan ya sami iskar oksijin. Tun da wani kaso na launin yana bin ruwa a wajen wanki, hoton da ya yi daidai a ido kafin wanki zai fito a kode. Ni dai a ganina gara a ɗan zarce lokaci da a gaza shi.

Wanki

A koma inuwa, a cire takardar, a kifa ta a farantin ruwan sanyi, a riƙa girgiza farantin a hankali. Ruwan zai yi rawaya da ɗan shuɗi, sai a zubar a sake sabo, a yi ta maimaitawa na minti 5 zuwa 10, har sai babu sauran rawaya a wuraren da ya kamata su zama farare. A ɗaga ta a duba ta baya ma, domin duk ferik ɗin da ya rage a zare yana nan da ƙarfinsa, zai kuma yi shuɗi daga baya idan hoton ya ga haske. Kada a sakar mata ruwan famfo mai ƙarfi a fuska, kuma kada a bar ta ta daɗe a jiƙe fiye da ƙima.

Irin ruwan wankin yana da tasiri. Ruwa mai alli da yawa ko mai alkalin yana kodar da shuɗin tun a cikin faranti. Maganinsa shi ne a yi wankin farko na minti ɗaya da ruwan da aka narka wa asid sitirik giram 5 a kowace lita, sannan a ci gaba da ruwa zalla. Wannan yana riƙe launi da yawa yana kuma fito da tsaka-tsakin launuka, sai dai idan asid ɗin ya yi yawa fararen wurare sukan yi shuɗi-shuɗi. Ruwan da ke ɗauke da ƙarfe, kamar na wasu rijiyoyi ko na bututun da ya yi tsatsa, yana haɗuwa da ragowar ferisayanaid ya rina takardar baki ɗaya, don haka idan irinsa ne ake da shi a yi wankin farko da tataccen ruwa.

Bayan wanki a shanya hoton a inuwa. Launinsa zai ci gaba da duhu cikin kwana ɗaya ko biyu, yayin da iska take mayar da farin Furusiya zuwa shuɗi. Mai son ganin sakamakon nan take zai iya haɗa kashi ɗaya na haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari da kashi tara na ruwa, ya tsoma hoton na daƙiƙa talatin bayan rawayar ta fita, sannan ya ɗauraye. Wannan yana hanzarta abin da iska za ta yi ne kawai, duhun ƙarshe bai wuce wanda za a samu da haƙuri ba, amma yana da amfani ƙwarai a kan takardar gwaji, tunda yana ba da damar yanke hukunci ba tare da jiran kwana ba.

Ruwan wankin ya bi magudanar gida tare da ruwa mai yawa. Kada a zuba shi a rafi ko tafkin kifi, domin hasken rana yana sa ferisayanaid ya saki ɗan sayanaid a cikin ruwa, kifi kuwa ba ya jure ko kaɗan daga cikinsa.

Idan hoto bai fito ba

Idan kusan duk shuɗin ya bi ruwa, ko dai hasken bai isa ba ko kuma shafin ya yi kauri. Idan fararen wurare sun yi shuɗi, to an samu feros inda bai kamata ba, wato haske ya taɓa takardar lokacin bushewa, ko ta daɗe a ajiye, ko ƙarfe ya taɓa haɗin, ko abin da aka ɗora bai tare haske sosai ba. Ƙananan ɗigo masu duhu sukan fito ne daga garin da bai narke ba ko ƙurar ƙarfe, tacewa tana maganinsu. Idan shuɗin ya koma toka-toka ko ya yi rawaya a gefe, a tuhumi alli a cikin takarda ko ruwa. A riƙa rubuta irin takarda da lokaci da yanayin rana a bayan kowane gwaji da fensir, a kuma sauya abu ɗaya tak a kowane karo, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya gyara ba.

Sauya launi da adanawa

Raunin shuɗin Furusiya a gaban alkalin yana da amfaninsa. Idan aka tsoma busasshen hoto, bayan an sake jiƙa shi, a ruwan da aka narka wa sodiyam kabonet giram 5 zuwa 10 a lita, shuɗin zai koma shunayya sannan ya kode zuwa rawaya mai haske, domin ƙarfen ya zama ferik haidiroksaid, yana nan a wurinsa a cikin zare. A ɗauraye shi da kyau, a tsoma a ruwan asid tanik na kimanin giram 10 a lita, za a ga hoton ya dawo da launin ƙasa mai duhu ko baƙi mai ratsin shunayya. Haɗuwar ƙarfe da tanin, wato asid tanik ɗin, ke nan, wadda aka yi ƙarnuka ana yin tawadar rubutu da ita. Idan aka tsayar da kodewar a tsakiya, wurare masu duhu za su riƙe shuɗinsu, masu haske su ɗauki launin ƙasa. Hoton da za a yi wa haka ya kasance ya sha rana fiye da na yau da kullum, domin yana rasa wani kaso na ƙarfinsa.

Wajen adanawa a guji kwali da ambulan masu alli, ko da an rubuta cewa na adana tarihi ne, domin abin da ke kare sauran takardu shi ke cin wannan launi. Yadin da aka buga a wanke shi da ruwan sanyi da hannu, ban da garin sabulu mai alkalin da ruwan farar da kaya. Idan hoto ya daɗe a rana mai ƙarfi yakan kode, saboda haske yana mayar da shuɗin zuwa farin Furusiya, amma idan aka ajiye shi a wuri mai duhu da iska ke shiga na wasu kwanaki, mafi yawan launin yana dawowa. Kodewar da alkalin ya jawo kuwa ba ta gyaruwa da duhu.

Wanda hannunsa ya faɗa da sitiret zai iya matsawa zuwa okzalet. A 1994 masanin sinadarai Mike Ware ya fitar da sabon haɗi da ya maye gurbin sitiret da amoniyam ferik okzalet, wanda ya fi saurin amsa haske nesa ba kusa ba, ya fi shiga zaren takarda, ba ya yin fumfuna, yana kuma riƙe tsaka-tsakin launuka da kyau. A kan ferik okzalet ɗin ne kuma William Willis ya gina bugun hoto da filatinam a 1873, inda feros ɗin da haske ya samar yake sauke ƙarfen filatinam a kan takarda maimakon shuɗi. Sai dai okzalet guba ne idan aka haɗiye shi, yana kuma cutar da ƙoda, haɗinsa ya fi tsananin ƙin takarda mai alli, sannan wasu nau'o'insa suna ɗauke da ɗan daikuromet, sinadarin da aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Kada a shiga wannan mataki sai da cikakken kayan kariya, da sikeli mai auna ƙananan adadi daidai, da kuma hanyar zubar da ragowar sinadaran bisa ƙa'idar ɗakin gwaji.